Haɗa kayak don fatsa a kogunan Usuma da Gurara

Shirin kayak, wato ɗan ƙaramin jirgin ruwa da ake tuƙawa da filafili, da ya yi maka aiki a tafkin Jabi zai iya zame maka jidali a kogin Usuma ko Gurara. A tafki ruwa a kwance yake, in sandar fatsa ta faɗi ka miƙa hannu ka ɗauka, in anga, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya tsayar da jirgi, ta maƙale ka zauna ka yi ta fama da ita har ta fito. Kogi ba ya jiran kowa. Kana kwance ƙulli yana tafiya da kai, rassan bakin gaɓa suna sharar duk abin da ya yi tsini a kan jirgin, duwatsu kuma suna kankare masa ciki. Saboda haka duk abin da za ka ɗora wa kayak na kogi sai ka auna shi da tambaya uku: ya kwanta ƙasa-ƙasa? Yana da sauƙin nauyi? In ya maƙale, za ka iya sakinsa da hannu ɗaya? Abin da ya faɗi ɗaya daga cikin ukun nan, a bar shi a but ɗin mota.

Jirgin kansa da lissafin nauyi

Kayak ɗin da ake zama a bisansa, mai ramukan tsiyayar da ruwa a ƙasan wurin zama, shi ya fi dacewa da kogi. In ya kife ba ya cika da ruwa, juyo shi kawai za ka yi ka hau. Tsawon mita 3 zuwa 3.7 ya wadatar, faɗi kuma santimita 75 zuwa 85. Wanda ya kai mita 4 ya fi gudu a miƙe, amma juya shi a tsakanin duwatsu wahala ce. Mai feda da farfela a ƙasa kuwa, da rani a nan za ka karya farfelar tun ba ka yi nisa ba.

A jikin kowane kayak, ko a takardarsa, akwai adadin nauyin da kamfani ya ce yana ɗauka. Kada ka yi aiki da shi gaba ɗaya, tsaya a kashi 70 cikin ɗari. In an rubuta kilo 180, naka kilo 126 ne. Mutum mai kilo 80, akwatin kaya da sanduna kilo 12, kula da ƙanƙara kilo 8, ruwan sha kilo 3, sarƙar anga kilo 2, filafili da rigar kariya daga nutsewa kilo 3, ka ga an kai 108. Saura kilo 18 na kifi. Alamar ka wuce gona da iri ita ce ruwa ya riƙa tasowa ta ramukan tsiyaya ya tsaya a ƙarƙashinka bai koma ba. Wasu kan toshe ramukan duka don kada wando ya jiƙe. A ruwa mai gudu wannan kuskure ne, domin ruwan da ya fallatso ciki ba shi da mafita, sai jirgin ya yi nauyi ya fara tangaɗi. Toshe biyun da ke ƙarƙashin kujera in ka ga dama, sauran a bar su a buɗe.

Filafili ga jirgi mai wannan faɗin santimita 230 zuwa 250 ne. Gajere zai sa ka riƙa buga yatsu a gefen jirgi.

Kafin ka huda komai

Ramin da aka huda ba ya komawa. Zauna a cikin jirgin a tsakar gida, sanye da rigar kariya, ka riƙe filafili ka yi kamar kana tuƙi sosai. Duk inda filafilin ko gwiwar hannunka ya ratsa, yi masa alama da alli: nan ba a ɗaura komai. Sannan ka miƙa hannu baya ba tare da ka karkata kafaɗa waje ba, inda hannun ya tsaya nan ne iyakar abin da za ka riƙa ɗauka a kan ruwa. Wanda ya fi haƙuri yakan manna kayan da salatif ya fita sau ɗaya ko biyu a haka, ya dawo ya gyara wuri, sannan ya ɗauko diril.

Galibin kayak-kayak da roba iri ɗaya ake yinsu da baƙin tankin ruwan da ke kan rufin gidaje. Wannan robar gam ba ya kama ta. Sufa gulu, aradaite, silikon, duk za su yi kamar sun riƙe, bayan sati biyu a rana sai su ɓanɓare. Aikin silikon a nan toshe kafar ruwa ne kawai a kewayen rami, riƙon kuwa na bolti ne.

Inda hannunka zai iya shiga ta ƙofar ma'ajiyar cikin jirgi, sa bolti da noti na milimita 5, a huda da bakin diril na milimita 5 daidai, a sa faffaɗan washa ta ciki. Noti mai zoben roba a bakinsa ya fi, don girgizar hanya ba ta kwance shi. Duk abin da zai sha ja, kamar mariƙin sanda ko inda igiyar anga za ta bi, a ƙara masa faranti ta ciki: yanko murabba'i mai santimita 8 daga farantin yanka albasa na roba, boltin ya ratsa shi. Ba tare da shi ba, ja ɗaya mai ƙarfi zai fizgo washa ta cikin robar ya bar maka rami kamar bakin kwalba. Inda hannu ba ya kaiwa, nemi ribit mai buɗewa gida uku ta baya, ko noti mai rigar roba wanda ke kumbura in an ɗaure. Ribit na masu tagar alminiyom ƙaramin kai gare shi, yana zarewa. Sukuru mai cin roba kai tsaye kuwa na abubuwa marasa nauyi ne kawai.

A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei za a miƙo maka bolti mai ƙyalli a ce sitenles ne. Duba kansa, na gaske yana ɗauke da A2 ko A4, kuma maganaɗisu ba ya kama shi sosai. A2 ya isa ruwan kogi. Mai fentin azurfa damina ɗaya zai yi tsatsa ya zubo jan layi a gefen jirgin.

Ɗaure noti har washa ya zauna, ka ƙara kwatan zagaye, ka tsaya. In ka ga robar ta lotsa a kewayen, ka matse da yawa, kuma daga nan tsagewa take farawa. Kada a huda ƙasa da layin da ruwa ke kaiwa, kada kuma a huda jikin ramukan tsiyaya, don nan ne wurin da ya fi wuyar gyara a jirgin gaba ɗaya.

Sandunan fatsa

Hotunan da ake gani na kayak da sanduna biyar a tsaye kamar eriya na masu tafki da teku ne. A kogin da itatuwa suka sunkuyo kansa, sanda a tsaye reshe take jira. Ko ta karye, ko ta riƙe jirgin ruwa ya juya shi a gicciye, wanda ya fi karyewar muni. Sanda biyu sun isa, a kwance a gefen jirgi, bakinsu na kallon goshi. Yanko bututun roba na famfo mai faɗin milimita 40, tsawon santimita 30, guda biyu, ka ɗaura su a gefen goshi ta ciki don bakin sandunan su shige. Gindin sandar kuma ya kwanta kusa da kujera, ɗan guntun igiyar roba mai ja ya danne shi. Ka ƙona bakin bututun kaɗan ko ka goge shi da sanfefa, in ba haka ba kaifinsa zai ci zaren.

Tsawon sanda mita 1.8 zuwa 2.1. Ga gwajinsa: kana zaune, bakin sandar ya iya zagaya goshin jirgi daga dama zuwa hagu. Kifi in ya ji ƙugiya yakan bi ta ƙarƙashin jirgi, in sandar ba ta kai ta zagaya ba sai zaren ya goga a ciki ya tsinke.

Mariƙi ɗaya a gabanka, tsakanin gwiwoyi ko ɗan gefe, yana da amfani lokacin sa koto ko cire kifi. Ya zama gajere, wanda ake zarewa. Ga mai zaman jiran tarwaɗa a gurbi, a ƙara bututu biyu a jikin akwatin baya, a karkace zuwa baya sosai, ba a miƙe ba. A yanka musu tsaga mai faɗin santimita 2 da zurfin 5 don ƙafar ril, wato abin naɗe zaren fatsa, ta zauna kada sandar ta juya.

Akwatin baya

Kiret ɗin roba mara ɗakuna, irin na masu kayan miya ko burodi, wanda ya shiga ramin baya ya zauna daram. In na lemo ne sai an yanke ɗakunan kwalaben. A ɗaure shi ta kusurwa huɗu, ba da igiyar roba mai ja kaɗai ba, don in jirgi ya kife nauyin kaya zai miƙar da ita akwatin ya rataya a ƙasa ya hana ka juyo jirgin. Igiya mara ja biyu, mai ja biyu. A yi masa murfi, ko da ragar roba ce da aka ɗaure gefe ɗaya. Ƙugiyoyi da darma a ƙananan robobi masu murfi guda biyu, ba babban akwati mai hawa uku ba.

Nauyi ya zauna ƙasa kuma kusa da kujera. In baya ya yi nauyi goshi zai ɗaga, iska ta riƙa kaɗa shi. In goshi ya yi nauyi sai ya riƙa nitsewa a ruwa mai gudu, bayan jirgin ya zagayo. Sa wani ya tsaya a gaɓa ya dube ka daga gefe: jirgin ya kwanta daidai, ko goshi ya ɗan fi baya tashi kaɗan.

Anga: inda aka fi samun matsala

Kada a taɓa ɗaure anga a gefen kayak a ruwa mai gudu. Da igiyar ta miƙe, jirgin zai juya ya ba ruwa gefensa, ruwan ya hau gefen da yake bugawa ya danna shi ƙasa, kafin ka ce kwabo ka kife, igiyar kuma tana nan a miƙe kusa da ƙafafunka. Dole jan ya fito daga ƙarshen baya ko daga goshi, ta yadda jirgin zai miƙe da gudun ruwa.

Anga mai ƙugiyoyi huɗu da ake sayarwa tare da kayak ta tafki ce. A gindin Gurara mai duwatsu da saiwoyi, kamawa za ta yi ta ƙi saki. Abin da ya fi dacewa da kogi sarƙa ce da ake ja a ƙasa. Sarƙar milimita 10 mai tsawon santimita 60 zuwa 70 tana kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Zura ta cikin tsohon tib ɗin keke, a bar zobe ɗaya a waje don ɗauri, a naɗe bakin da salatif. Tib ɗin yana hana zoben shiga tsagar dutse, yana kuma kashe ƙarar da ke korar kifi. Sarƙar ba ta tsayar da kai cak a ruwa mai ƙarfi, rage maka gudu take yi ka samu jifa uku a inda da za ka samu ɗaya. In ka ƙara igiya ta kwanta sosai ta ƙara riƙo, in ka rage sai ka tafi. A ruwa mai sanyin gudu za ta tsayar da kai. In ta kasa riƙe ka, ruwan ya fi ƙarfin a tsaya a cikinsa ke nan, kada ka ƙara sarƙa ta biyu.

Igiyarta milimita 6, tsawon mita 8, irin mai tasowa saman ruwa. Hanyar da za ta bi: daga sarƙa, ta ratsa zoben ƙarfe da aka ɗaure a can ƙarshen baya a tsakiya, ta biyo gefen jirgi ta cikin ƙananan zobba biyu ko uku, ta iso wani mariƙi kusa da cinyarka. Mariƙin ya zama mai haƙora wanda ake danna igiya a ciki a fizge ta sama ta fita. Ba a ƙulla igiyar anga a jikin jirgi, ko ƙulli ɗaya. Ƙarshenta ma kada a yi masa ƙulli, don in ka saki ta zare ta cikin zobban ta tafi abinta. Asarar sarƙa da igiya ba ta kai kuɗin man da ya kawo ka ba. Ragowar igiyar a naɗe ta a ƙaramar jaka a gefe, kada ta taru a ƙafafunka.

Masu son juya jirgi yadda suka ga dama a gurbi mai kwanciya sukan ƙara igiyar zagaye. Fuli biyu ƙanana, wato 'yan tayoyin da igiya ke bi ta kansu, ɗaya santimita 30 zuwa 45 daga ƙarshen baya, ɗaya kusa da goshi ko daidai kujera, igiyar milimita 5 ta zagaya su ta haɗu a zoben ƙarfe ɗaya. Igiyar anga ta ratsa wannan zoben, sai ka ja zagayen ya kai zoben baya ko gaba. Jirgi mai mita 3.5 yana cin kimanin mita 6 na igiya in zagayen ya kai tsawonsa duka. Matsalarta ɗaya: mutum yakan jefa anga alhali zoben yana tsakiya, da niyyar ya ja shi baya daga bisani. A ruwa mai gudu ba ka da wannan lokacin. Zobe ya isa baya tukuna, sannan sarƙa ta sauka. Haka wajen ɗagawa: in ta maƙale kada ka ja ta daga gefe, tuƙa ka hau sama da ita ka ja ta ta inda ta shiga. In ta ƙi, sake ta.

Wanda ya nace sai anga mai ƙugiya a wuri mai yashi, ya ɗaure igiyar a gindin angar, ya kwantar da ita a jikin sandar angar, ya kama ta a zoben sama da siririn zaren roba mai haƙori irin na masu wayarin. In ta maƙale, ja mai ƙarfi zai tsinke zaren, angar ta fito ta baya. Igiya ta kai ninki uku na zurfin ruwa.

Da rani, lokacin da ruwa bai wuce ƙugu ba a wurare da yawa, gwangwala ko gora mai mita 2 ta fi duk wannan sauƙi. Ka kafa ta a yashi, ka rataya mata igiya daga bayan jirgi. A bakin gaɓa kuma ɗan maƙali mai baki kamar filaya da guntun igiya mita ɗaya ya isa ka kama reshe ka tsaya shiru. Duba reshen kafin ka kama, macizai da rina suna son irin wuraren nan.

Igiyoyin da ke kama mutum

A tafki ana ɗaure filafili da sanduna da igiya don kada su ɓace. A kogi kowace igiya mai lilo tarko ce: jirgi ya kife, ta naɗe maka ƙafa ko wuya, jirgin ya yi gaba da kai. Filafili a yi masa wurin kwanciya a gefe da igiyar roba gajera mai ɗanewa. Sanduna a sa musu kumfa, irin bututun soso da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki ke rufe bututu da shi, santimita 20 a sama da mariƙin, a gwada a baho a ga ta taso da ril ɗin. Kada ka taɓa ɗaure kanka da jirgi a ruwa mai gudu.

Wuƙa gajera mara tsini a kafaɗar rigar kariya, inda kowane hannu zai kai. Wuƙar da ke cikin akwatin baya ba ta da amfani ga wanda ke ƙarƙashin ruwa.

Abin da ke jikinka

Rigar kariya mai kumfa a ciki, ba wadda ake hurawa ba, don ƙugiya da ƙayar kifi suna huda ta. A jiki ake rubuta ƙarfin ɗagawarta: 50N (N ɗin ma'aunin wannan ƙarfin ne) shi ne mafi ƙanƙanta ga wanda ya iya ruwa, wanda bai ƙware ba ya nemi 100N. Ɗaure ta, wani ya kama kafaɗun ya ɗaga, in ta haura kunnuwanka ta yi yawa. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda hedikwatarta ke Lokoja, ta wajabta sa rigar ta kuma hana tafiyar dare a kan ruwa. A aljihun rigar: usur, waya a jakar roba mai hana ruwa, ɗan kuɗi. Lambar gaggawa 112 ce, amma akwai lunguna a bakin kogi da babu sabis, don haka ka gaya wa wani a gida inda za ka shiga, inda za ka fito, da ƙarfe nawa.

Takalmi mai rufe yatsu wanda ba ya zarewa, ba silifa ba. Riga mai dogon hannu da dogon wando, saboda rana da kuma ɗan baƙin ƙudan nan da ke hayayyafa a ruwa mai gudu kan duwatsu, mai kawo ciwon makantar kogi. Ruwan gefe mai kwanciya da ciyayi kuma nan katantanwar tsargiya take, a rage tsayuwa a cikinsa ba dalili. Wanda ya ga jini a fitsari bayan makonni ya je asibiti ya faɗi cewa yana shiga kogi.

Shigo da kifi cikin jirgi

Tsakanin cinyoyinka kifin zai sauka, don haka ka san wanda ka kamo kafin ka ɗago shi. Kurungu yana da ƙaya uku masu kafewa, ɗaya a baya biyu a gefe, suna huda tafin hannu har da takalmi mai laushi. Tarwaɗa da ramboshi ƙayarsu a gefe take, ga santsi ga ƙarfi. Tsage haƙora gare shi kamar ƙusoshi, shi ya sa ake sa masa waya santimita 20 zuwa 30 a gaban ƙugiya, kuma ba a kai yatsa bakinsa ko ya daina motsi. Minjirya kuwa kada ta shigo jirgi sam, girgizarta na iya sa ka zabura ka kife. Yanke zaren kawai. Karfasa ce mai sauƙi, ita ma a kwantar da ƙayar bayanta da tafin hannu daga kai zuwa wutsiya.

Kayan aikin: ƙaramar koma mai gajeren mariƙi a kwance a goshi, filaya mai dogon baki, tsumma, da guntun icce na buga kan kifi. In babban giwan ruwa ya kama, kada ka ɗaure ril ɗin tamau, bar shi ya ja zare, sandar na kallon goshi don jan ya bi tsawon jirgi. Kifin da ya kai kilo 10 gaɓa ake kai shi a sauke, ba a ɗago shi kan cinya a tsakiyar ruwa.

Kada a rataya kifi a igiya a gefen jirgi. Yana maƙalewa a saiwa, yana kuma kiran kada a inda akwai shi. Kula ƙarama mai lita 15 zuwa 20, da robobin ruwa biyu da suka daskare, ta fi ƙanƙarar leda daɗewa, in sun narke kuma ka sha. In babu kula, jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwar kujera yana riƙe tarwaɗa da rai na sa'o'i.

Na'urar gano kifi ba dole ba ce a kogin da kake ganin gindinsa. Mai son sa ta, batirin 12V 7Ah ya ishe shi wuni, a roba mai murfi a cikin jirgi, da fis na amfiya 3 kusa da batirin.

Cikin jirgi, rana da hanya

Ƙarshen baya ta ƙasa shi ke fara hujewa, saboda jan jirgi a kan dutse da kwalta. Mutum biyu su ɗauka, ko a yi masa 'yar kura da tayoyin baro. In ya tsage, huda ɗan rami na milimita 3 a kowane ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, a kankare wurin, a narka roba irin tasa a cike. Masu liƙin tanki da bokiti sun iya, sai dai ka kai musu robar da ta dace: ɓarɓashin da ya fito lokacin da kake huda jirgin, ko yankin jarka mai lamba 2 a cikin alamar kusurwa uku. Don tsakiyar tafiya, riƙe salatif mai ƙarfi. Yana kamawa ne kawai in wurin ya bushe.

Zafin Abuja na watan Maris da Afrilu yana tausasa robar. Jirgin da aka ɗaure tamau a kan mota da bel mai ratsat, wato mai ƙarfen matsewa, aka bar shi a rana, cikinsa zai lotsa, daga nan ya riƙa karkata a ruwa. Bel biyu masu ɗan maƙali da ake ja da hannu sun isa, jirgin a kife, da igiya ɗaya a goshi ɗaya a baya saboda iskar tireloli a hanyar Lokoja, da jan ƙyalle a ƙarshen da ya fito. A gida a ajiye shi a inuwa, a kife ko a gefe, a buɗe toshiyar da ake tsiyaye ruwan ciki don iska mai zafi ta fita. Rufe toshiyar nan shi ne abin da aka fi mantawa a bakin ruwa. Ɗaura mata jan zare a jikin filafili ya tuna maka.

Gwaji, da sanin ruwan

Kafin kogi, kai jirgin da duk kayansa ruwa mai kwanciya wanda bai wuce ƙirji ba, tare da wani, ka kifar da shi da gangan. Abin da ya faɗo, ɗaurinsa bai yi ba. Abin da ya kama maka ƙafa, a cire shi. Juyo jirgin, ka kwanta da ciki a kan kujera, ka juya ka zauna. In akwatin baya ko mariƙin gaba ya hana ka hawa, a matsar da shi. Gwada sakin igiyar anga ido a rufe, da dama da hagu.

Lokacin shiga kogunan nan daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. A Agusta da Satumba Usuma takan cika har ta shiga unguwanni a Gwagwalada, ruwan ya yi ja ya ɗauko itatuwa, ba wurin kayak ba ne. Farkon damina ma akwai yaudara: sama garau a inda kake, amma an yi ruwa a can sama, cikin sa'a guda kogi ya tashi. In ka ga ruwa ya fara sauya launi, ganye da kara suna wucewa, fita. Kogunan biyu duk akwai dam a samansu, ana iya sakin ruwa ba ka sani ba. Tafkin dam ɗin Usuma da ke wajen Ushafa kuwa ruwan shan birni ne, ba a shiga sai da izini.

Itacen da ya faɗo cikin ruwa shi ne babban haɗari: ruwa na wucewa ta cikin rassan, mutum da jirgi ba sa wucewa. Ba shi wuri tun daga nesa. In ka faɗa ruwa mai gudu, kada ka yi ƙoƙarin tsayawa, ƙafa takan shige tsakanin duwatsu ruwa ya danne mutum. Kwanta rigingine, ƙafafu gaba, ka kasance ta ɓangaren da ruwa ke fitowa, jirgin yana gabanka ba bayanka ba, har ka kai inda ruwa ya lafa. Kuma in da mota ɗaya kuka zo, ku fara tuƙawa sama, ruwa ya dawo da ku lokacin da kuka gaji.

A kowace kwata ta bakin kogi, daga Gwagwalada har Yaba ta ƙasar Abaji, akwai masunta da sarkin ruwansu. Je ka gaishe shi kafin ka sauke jirgi, ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, fatsa muka zo yi, ina ne ba a shiga?" Shi zai gaya maka gurbin da aka hana, inda aka shimfiɗa taru da dogon zare mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da sarƙarka za ta iya kwasowa, inda aka ga kada ko dorina, da kuma yadda tsaro yake a wannan makon, wanda a wasu sassan Kwali da Abaji da Bwari shi ne tambayar farko. In ya haɗa ka da wani matashi ya raka ku da kwale-kwale, ku yi ciniki tun a gaɓa, ku kuma tanadar masa rigar kariya.